Mai Fito Shi Ne Ƙarshen Sauka

Na sauka Paris da jaka ɗaya da kwalin kifi banda, kuma cikin mu ukun kwalin ne aka yi wa maraba. Inna ce ta ɗaure shi da hannunta, ta ce in kai wa Alhaji Sidi, mutumin wajenmu da ya daɗe a Faransa, wanda ake cewa gidansa gidan kowa ne. Ya tarbe ni a Aubervilliers, wata unguwa a gefen Paris, baki har kunne, ya shinshina kifin, ya ce lalle wannan giwan ruwan Gaya ne. Kwana uku na yi a falonsa. Ran na huɗu ya ce iyalinsa za su dawo daga hutu, wuri zai yi kaɗan, ya rubuta mini kwatancen wani masallaci a bayan ambulan. Bayan mako guda na ga kifin Inna a shagon wata mata, an yanka shi gunduwa-gunduwa ana sayarwa. Da igiyar kabar da ta ɗaure wutsiyar na gane shi. Na tsaya ina kallo har matar ta tambaye ni ko saye zan yi.

Sunana Lawali. Basarke ne ni, jinin masunta, daga wata tunga ƙasa da Gaya, a bakin Kwara. Babanmu mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da awaki da buhunan albasa zuwa kasuwar ƙetare. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da wana Isuhu. Shi ruwa ya san shi tun yana tatata. Ni kuwa da kwalekwale ya yi ɗan tangaɗi sai cikina ya juya, shi ya sa aka sa mini Basarken Tudu, aka tura ni makaranta tunda ba ni da wani amfani a bakin ruwa.

Baba yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya wasa da ita. Mai fito yana ƙirga mutanensa in sun shiga. In an iso, sai ya miƙe tsaye a bayan jirgi ya riƙe shi, kowa ya fita, ya sāke ƙirga su da ƙarfi kowa na ji, sannan ya taka ƙasa. In wani a gaɓa ya tambayi wa ya kawo mutanen nan, sai ya ce ni ne, don in ɗan wani ko akuyar wani ta ɓata a san wanda za a riƙe. Sau ɗaya Yaya Isuhu ya riga wata tsohuwa sauka don ya ga mai ƙosai za ta tashi. A gaban kasuwa Baba ya zabga masa filafili a gadon baya, kuma Yaya bai ƙara ba.

Watannina na farko a Paris ba abin faɗa ba ne, amma zan faɗa a gurguje. Na kwana a masallacin nan har limamin ya fara kau da kai in ya gan ni. Wani dattijo ɗan Mali mai sharar titi yakan raba shinkafarsa biyu ya turo mini rabi ba tare da ya dube ni ba, har muka rabu ban san sunansa ba. Na yi dakon kwalayen takalma a manyan ɗakunan ajiya na Aubervilliers da takardun wani ɗan ƙasarmu, ni ke ɗauka shi ke karɓa, ya yago mini abin da ya ga dama. In na yi magana ya ce ai alfarma yake mini. Wallahi mutanen da suka fi cuta ta a ƙasar nan da Hausa suka gaishe ni.

Daga nan sai Lyon. Na samu shiga jami'a a Bron, can gefen garin, ina karatun labarin ƙasa da taswira. Ɗakina bai fi rumbun Inna ba, sanyi kuma yana shiga har ɓargo. Ran Lahadi nakan hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, in je bakin kogin da ya ratsa garin in tsaya. Kogi ne babba, amma ba mai kiran jirgi daga ƙetare, ba mai wanki, ba mai shanya koma, an ɗaure shi da siminti hagu da dama. Ni da na tsani ruwa a gida, ga ni ina hawaye don kewar warin kifi. A nan na yi wautar da kowa ke yi: na jingina da wani farin jirgin shaƙatawa na masu kuɗi, aka ɗauke ni hoto, na aika gida. An ce har liƙa shi Inna ta yi a bango.

A kasuwar unguwarmu na haɗu da Ammi Bashir, wani tsoho ɗan Tunisiya mai sayar da kifi. Wata Asabar ya ga yadda nake duba jan kunnen kifi kafin in taya, ya ce ɗan masunta ne kai. Ya ɗauke ni ina kankare masa ɓawo, in an tashi ya cika mini leda da kawuna. Ya yi shekara talatin a teku kafin gwiwa ta hana shi. Ba shi da yawan magana, amma shi kaɗai ne a Lyon yake lura in na rame.

Cikin shekarun nan Baba ya rasu, fito ya mutu, mutane sun koma bin gada da babura. Yaya Isuhu ya bar matarsa da 'ya'ya uku wajen Inna ya tafi Libiya, ya samu aikin ɗinkin taru a wani gari na bakin teku. Yana cikin rufin asirinsa ƙasar ta rikice. Baƙar fata ya zama abin farauta, hanyar komawa kudu kuma cike da masu bindiga. Wata rana bayan azahar ina ɗakin karatu salulata ta yi ƙara, ashe Yaya ne. Muka gaisa a gajarce, ya ce wasu masu jirgi sun ga yadda yake sarrafa inji, sun ce in zai tuƙa ƙaramin jirgin kamun kifi zuwa Italiya, ba zai biya ko sisi ba.

Na ce masa teku ba Kwara ba ce. Na ce hoton nan ƙarya ne, kallon kitse suke wa rogo, ni ɗin da yake gani kawunan kifi nake ci. Ya bar ni na gama.

“Lawali, jiya an harbe wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi, a layin burodi,” ya ce. “Ba shawarar tafiya na kira ka ba. Kai ka karanta taswira. Ka gaya mini yadda ruwan nan yake.”

Tunda aka haife ni Yaya bai taɓa tambayata komai a kan ruwa ba. Ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin tsoron da na ji akwai wani daɗi. Yau ga Basarken Tudu an zo wurinsa.

Na kai wa Ammi Bashir maganar. Ya ajiye wuƙa ya ce babu wani abu wai shi ƙetarewa lafiya a cikin jirgin da aka yi don mutum biyar da taru, in gaya wa ɗan'uwana ya nemi rami ya ɓuya. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Ran na uku ya share teburin kifi da tsumma, ya ce in shimfiɗa taswirar. Ya ce tunda mahaukacin zai tafi ko da mu ko ba mu, gara ya tafi da mu.

Mako uku muka yi muna wannan aiki. Na bar shiga aji. Da safe in je jami'a in buga hasashen iska da igiyar ruwa na kwanaki masu zuwa, da rana in kai wa tsohon, ya sa tabarau ya bi da yatsa yana tsaki. Da la'asar in kira Yaya in juye masa da Hausa, shi kuma yana rubutawa da ajami a wata takarda, don bai yi boko ba. Ammi Bashir ya ce ya shiga jirgin da kansa ya ƙwanƙwasa kowane katako, wanda ya yi amon rubabben kabewa ya ƙi shi. Ya ce man inji ya ninka abin da masu jirgin suka ce ya isa, don su ba su da asara in ya ƙare a tsakiya. A nemi busol, wato ɗan agogon nan mai nuna arewa, a ɗaure shi nesa da inji. Ruwan sha ya fi abinci. Mata da yara a tsakiya, masu nauyi a ƙasa. Kada a tashi sai an ga kwana uku a jere iska kwance. Abin da ya fi nanatawa shi ne lokacin da aka hango jirgin ceto: nan ne mutane ke miƙewa gaba ɗaya su ruga gefe guda, jirgi ya kife a gaban masu ceton.

Yaya ya bi komai, har ya ƙara da nasa. Masu jirgin sun so su loda masa mutum sittin. Ya ce talatin har da shi, ko ɗaya ba zai ƙara ba. Aka ɗora masa bindiga a ƙirji, ya ce su harba sannan su tuƙa da kansu. Da yake ba su da wani matuƙin, suka haƙura suna zagi. Sau biyu suka ce a tashi, na ce masa iskar arewa na tafe, ya ƙi. Jirgin da ya tashi a karo na biyun ba a sāke jin labarinsa ba. Daga ranar na fara jin kaina wani abu.

Ranar da iska ta kwanta na kira shi da hantsi. Na maimaita masa komai, ya ce ya haddace. Sai na ƙara da abin da ba Ammi Bashir ne ya faɗa ba, nawa ne, daga bakina ya fito.

“Yaya, kada ka ba kowa hannun injin nan, ko gyangyaɗi kake. In jirgin ceto ya zo, ka tsaya a wurinka ka riƙe musu jirgi har kowa ya hau. Yadda Baba yake yi.”

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. “Basarken Tudu ke koya mini fito. To Malam, na ji.”

Kwana biyu ban san abin da na ci ba. Ran na uku da rana wata mata ta kira ni da lambar Italiya, ta ce matuƙinsu ne ya ba ta lambata tun a teku, sun iso, ba wanda ko takalminsa ya ɓata. Na yi sujada a kan dandamalin tiram mutane na ratse ni. Na sayi alewa na kai wa Ammi Bashir, tsohon ya rungume ni da hannunsa mai ƙarni. Na kira Inna na ce ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Sai na zauna jiran kiran Yaya.

Mako ɗaya, biyu, biyar. Lambar matar ta daina shiga. A mako na shida wani bawan Allah ɗan Gana mai jin Hausa ya kira ni, ya ce shi tafinta ne a kotu, bai kamata ma ya kira ba, amma ɗan'uwana ya roƙe shi don Allah. Isuhu yana gidan kaso. Ana tuhumarsa da fataucin mutane, don shi ya tuƙa jirgin. Akwai hotonsa da aka ɗauka daga jirgin ceto, yana tsaye a baya riƙe da inji. Akwai shaidu biyu cikin fasinjojin. Akwai kuma wata takarda da aka samu a aljihunsa da rubutun Larabci, an fassara ta: ranakun iska, yawan mai, inda za a dosa. Alƙali ya ce wanda ke da irin wannan tsari ba ɗan gudun hijira ba ne, ƙwararre ne.

Tsangayar koyon shari'a tana nan cikin jami'armu, kullum ta ƙofarta nake wucewa in je buga hasashen iska. Ranar na shiga. Wata malama ta saurare ni, cikin minti biyar ta gaya mini abin da ashe kowa ya sani ban da mu: duk jirgin da ya iso, sai an nemi wanda ya riƙe inji, shi ake kamawa, masu jirgin kuwa suna can gida suna shan shayi. Shi ya sa suke ba da tuƙin kyauta. Matuƙan da suka san dawa, da sun hango ceto sai su jefa busol a ruwa su saki inji su cusa kai cikin mutane. Na fito na zauna a kan matakala. Mako uku ina tambayar iska da katako da mai, ban taɓa tambayar abin da ke jiran mutum a tudu ba. Mu 'yan kogi haka aka gina mu, a wurinmu tsoro a bakin gaɓa yake ƙarewa. Da na gaya wa Ammi Bashir, ya daɗe yana goge teburin da ba shi da datti, sannan ya ce shi teku ya sani, a zamaninsa wanda ya kawo mutane da rai shayi ake ba shi.

Shekara shida aka yanke masa. Ban ƙarasa karatun ba, taswira ma ban ƙara son ganinta ba. Na tattara na koma Aubervilliers dakon kwalaye, don a samu na lauya da na cefanen gidaje biyu. Inna har yau ta ɗauka yana aikin gona a Italiya inda ba a barin waya. Matarsa ta sani, ita ce ma ta ce kada a gaya wa tsohuwa.

A shekara ta uku da kama Yaya aka gayyace ni suna a unguwar Clichy-sous-Bois, gidan wani abokin aikina. Bayan an ci an sha, hira ta gangaro kan yadda kowa ya shigo ƙasar. Wani mai ƙiba da shadda ruwan toka, ana ce masa Ɗanjuma, ya gyara zama ya ce shi ai jirginsu ba a taɓa irinsa ba. Ya ce matuƙinsu wani Basarke ne, tun kafin a tashi ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, ya zaunar da kowa inda ya ga dama. Da igiyar ruwa ta taso, ya riƙa saran ta a karkace yana waƙa ƙasa-ƙasa, ko amai ba kowa ya yi ba. Da aka hango jirgin ceto mutane suka zabura, ya daka musu tsawa ɗaya kowa ya koma ya zauna. Na ajiye cokalina.

“Amma fa wawa ne,” in ji Ɗanjuma, yana dariya. “Mun ce masa malam saki injin nan ka shigo cikinmu, har wata mata ta miƙa masa mayafi ya rufa. Ya ce shi gidansu ba a haka. Ya miƙe ƙiƙam Turawa na ɗaukar hoto. Da muka sauka soja ya ce wa ya kawo ku, kafin a fassara ma mutumin naku ya buga ƙirji ya ce shi ne.”

Wani ya tambaya yaya aka ƙare. Ɗanjuma ya ce oho, an tafi da shi. Ya ce shi dai an kira shi ofis an ce in ya sa hannu cewa wannan ne matuƙi za a duba takardunsa da idon rahama, ya sa, tunda ai ba ƙarya ya yi ba, mutumin da bakinsa ya faɗa. Ga shi yanzu da takardu da mata da ɗiya.

Na so in kifa masa tiren shinkafar nan a ka. Na so in faɗi sunan wawan da sunan 'ya'yansa uku a gaban kowa. Amma me zan ce? Shi hannu ya sa a kan gaskiya. Wanda ya ce wa Isuhu ya tsaya yadda Baba yake yi yana zaune a ɗakin, kuma ba Ɗanjuma ba ne. Na tashi na ce ina da aikin yamma, na sa takalmina a bakin ƙofa, na sauko bene tara a ƙasa don ban iya jiran lif ba.

Ana ba Yaya minti goma a waya duk mako, ran Talata da hantsi. Talatar da ta biyo na shige bayan kwalaye na ɗauka. Na yi niyyar in yi shiru, amma abin ya fi ƙarfina. Na gaya masa na ga ɗaya daga cikin waɗanda suka sayar da shi, na faɗi shaddar, na faɗi dariyar, na faɗi kalmar da ya kira shi da ita. Ina jira ya yi zagi in taya shi, ko ya juyo kaina ya faɗi abin da shekara uku nake jira ya faɗa.

“Mai ƙiba, mai tsaga a kumatu?” ya ce. “A tsakiya na zaunar da shi, kusa da jarkar mai. Lafiyarsa lau?”

Na ce lafiyarsa lau, har ya yi aure ya haihu.

Ya yi hamdala. Ya ce abin da ke hana shi sukuni a wurin nan ba shekarun ba ne. Da suka iso gaɓa, ya tsaya zai ƙirga mutanensa, bai kai ko biyar ba aka sa masa ankwa aka juya masa baya. Ashirin da tara ya ɗauko, kuma har yau bai sauke su a bakinsa ba.

“Matar da ta kira ka ɗaya, wannan biyu,” ya ce. “Saura ashirin da bakwai. Kai da kake yawo cikin mutane, ka riƙa cigiya.”

Na buɗe baki in ce Yaya ka yafe mini, sai muryar Baturiyar da aka naɗa a wayar gidan kason ta shigo ta ce lokaci ya cika. Mai ɗakin ajiyar yana ta ƙwala mini kira, mota ta iso da kaya. Na share fuskata da hannun riga na je na sa kafaɗa.

Yanzu duk taron da na je, suna ko jana'iza ko sallar Idi, in na ji an ce wane ta ruwa ya shigo, sai in matsa kusa in tambaye shi wace shekara, wa ya tuƙa su. Wasu su ɗauka ɗan rahoto ne ni su tashi su ba ni wuri. Ina da 'yar takarda a aljihu da nake rubuta mutanen Yaya da na samu. Mun kai goma sha ɗaya.